Orange Pi PC yana tsayawa a U-Boot: ina ake kai rahoto, ta yaya ake tura faci?

Aminu Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Allona Orange Pi PC ne, ƙaramar kwamfuta mai guntun Allwinner H3 da RAM giga 1. Na gina U-Boot v2024.04, wato butlodar da ke tayar da allon kafin Linux, da orangepi_pc_defconfig, na rubuta u-boot-sunxi-with-spl.bin a memori. Wani lokaci ya tashi lafiya lau, wani lokaci ya yi shiru, ko hoto ba ya fitowa a HDMI. A kunnawa goma yana ƙin tashi sau uku ko huɗu. Ina so in sanar da masu U-Boot, na shiga GitHub ɗinsu ban ga inda ake rubuta matsala ba. Ina ake kaiwa?

Injiniya Bappah:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ke GitHub madubi ne kawai, ainihin rumbun yana source.denx.de, kuma rahoto da faci, wato gyaran da aka rubuta wa manhajar, duk ta imel suke tafiya zuwa u-boot@lists.denx.de. Amma dakata, ba ka kai nan ba tukuna. "Ya yi shiru" ba rahoto ba ne. Wanda zai karanta saƙonka yana Jamus ko Ingila, allonka yana Tumfure, ba shi da ido sai rubutun da allon ya fitar ta siriyal, wato hanyar da yake turo saƙonninsa ta waya zuwa kwamfuta. Kana da shi?

Aminu Tumfure:
Ba ni da shi Hamma. HDMI kawai nake kallo.

Injiniya Bappah:
To nan za a fara. HDMI ba ya kunnuwa sai tafiya ta yi nisa, duk abin da ya faru kafin nan ba za ka gan shi a talabijin ba. Nemi adaftar USB-TTL mai ƙarfin 3.3V, CH340 ko CP2102, duk wanda ka samu. A kan allon akwai filoli uku a jere su kaɗai, GND da RX da TX. GND zuwa GND, TX na allo zuwa RX na adafta, RX na allo zuwa TX na adafta. Wayar VCC ka bar ta a sake, kada ta taɓa komai. In adaftar tana da ɗan makullin zaɓi tsakanin 5V da 3.3V, duba shi sau biyu, domin filolin H3 na 3.3V ne.

A kwamfutarka:

picocom -b 115200 /dev/ttyUSB0 --logfile boot.log

In ta hana ka buɗe ttyUSB0, ka saka sunanka a rukunin dialout ka fita ka sake shiga. Buɗe picocom tukuna, sannan ka ba allon wuta, don a kama layin farko. Muna son rubutu biyu: na lokacin da ya tashi da na lokacin da ya ƙi.

Usman Bolari:
Ƙarin bayani ga masu allon Rockchip da ke karantawa: su gudun siriyal ɗinsu 1500000 ne, ba 115200 ba, kuma tsohuwar CP2102 ba ta kai wannan gudun. Za ka ga tarkacen haruffa ka ɗauka allon ne ya lalace. CH340 tana iya shi. Na Aminu dai 115200 ne, kowacce za ta yi.

Aminu Tumfure:
Na samo CH340. In ya ƙi tashi, layi uku ne ke fitowa: na U-Boot SPL 2024.04 da kwanan wata, sai DRAM: 1024 MiB, sai Trying to boot from MMC1. Daga nan tsit. In ya tashi kuma bayan wannan layin sai babban U-Boot ya fito ya ci gaba.

Adda Hauwa:
Madalla, yanzu akwai abin magana. Ga abin da layukan nan ke faɗa. BROM, 'yar manhajar da aka dasa cikin H3, ta karanto SPL, ƙaramin matakin farko na U-Boot, daga memori a nisan 8KB, ta zuba shi a ƙaramar SRAM ta cikin guntun. SPL ya tashi, ya saita DRAM, wato RAM ɗin allon, ya auna ta ya ga 1024 MiB. Sai ya fara kwaso babban U-Boot daga memori yana zubawa a DRAM, ya yi tsalle zuwa can. A wannan taƙin ne yake mutuwa. Wato abin zargi uku ne: memorin, DRAM ɗin, ko wutar da ke ciyar da su duka biyun. Kuma tunda ba kullum yake yi ba, ni na fi karkata ga kayan ƙarfe fiye da lambobin manhaja. Kuskuren manhaja yawanci yakan maimaita kansa a wuri ɗaya kowane lokaci.

Usman Bolari:
Adda, ba kullum ba. Akwai kurakuran da suka shafi lokaci, kamar direban da bai jira kati ya gama shiryawa ba, ko variable ɗin da aka karanta ba a ba shi ƙima ba. Irin waɗannan yau su yi gobe su ƙi.

Adda Hauwa:
Gaskiya ne, shi ya sa na ce yawanci. Amma kafin a zargi mutanen da ke da wannan allon a teburinsu, a fara wanke caja da memori. Ya fi arha.

Injiniya Bappah:
Aminu, abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, kuma kowane gwaji kunnawa 20 ne daga sanyi, wato zare wuta gaba ɗaya, jira daƙiƙa goma, mayar. Rubuta sakamako a takarda. In ka canza caja da memori lokaci guda ya gyaru, ba ka san wanda ya yi laifin ba.

Wuta tukuna. Orange Pi PC ta ramin DC yake cin wuta, 5V, kuma ana so cajar ta iya ba da 2A na gaske, ba wanda aka buga a jikinta ba. Sa mita a fil na 2 da fil na 6 na dogon layin filoli 40, ka kalli abin da take nunawa lokacin da allon ke tashi. In ya sauka ƙasa da 4.75V, ka sami ɓarawonka. Sai dai mita ba ta da saurin kama faɗuwar da ba ta wuce ƙiftawar ido ba, don haka ko ta nuna 5.0 ka gwada wata cajar da wata wayar. Siririyar waya mai tsawon mita ɗaya da rabi ita kaɗai ta isa ta cinye maka rabin bolt.

Sai memori. Kasuwa cike take da katunan da aka rubuta wa 32GB alhali cikinsu bai kai ba. Gwada shi da f3write da f3read a Linux. Sannan akwai hanyar cire memori daga lissafin baki ɗaya: zare katin, ba allon wuta, haɗa micro-USB ɗinsa da kwamfuta. Tunda wannan allon ba shi da eMMC, BROM za ta rasa inda za ta tashi ta faɗa yanayin FEL, inda ake loda wa allon manhaja ta USB. lsusb zai nuna 1f3a:efe8. Sai ka ce

sunxi-fel uboot u-boot-sunxi-with-spl.bin

In ta FEL yana tashi 20 cikin 20 amma ta memori yana faɗuwa, hanyar katin ce. In ta FEL ma yana faɗuwa, DRAM ce ko wuta.

Sadiq Herwagana:
Ni da na ce kawai ya rage CONFIG_DRAM_CLK daga 624 zuwa 480 ya huta. In ya gyaru sai ya tura musu a matsayin faci, ai ya taimaki kowa.

Adda Hauwa:
A matsayin gwaji, eh, kuma a kiyaye lambar ta zama ninkin 24, 480 ta yi. A matsayin faci, a'a. Rage gudun DRAM yana rage wutar da ake ja, yana kuma ba sigina sarari, saboda haka zai iya ɓoye muguwar caja. Kai kana ganin ka gyara, alhali ka rufe ciwo da tsumma ne. Sannan wannan defconfig ɗin na duk mai Orange Pi PC ne a duniya. In ka ce a rage wa kowa gudu saboda allo ɗaya da ke Gombe, tambayar farko da za a yi maka ita ce allo nawa ka gwada, da wace wuta, kuma memtester ya yi awa nawa a kai. In ba ka da amsa, facin ya mutu a nan.

Sadiq Herwagana:
To idan allo biyar ne duk suka nuna haka fa?

Adda Hauwa:
Wannan kuma magana ce. Sai ka karanto lambar da ke jikin guntayen DRAM ɗin ka saka a rahoto, domin masana'anta na canza guntu a tsakiyar tafiya ba tare da sun canza sunan allo ba.

Malam Yerima:
Bari in tsoma baki kan abu ɗaya da Aminu bai faɗa ba. Wane U-Boot ne yake aiki lafiya a wannan allon kafin wannan? In amsar ita ce wanda ya zo cikin hoton da masu allon suka bayar, a kula. Allwinner suna da nasu reshen da suka yanko daga 2014.07 da 2018.05, Rockchip nasu daga 2017.09, an yi musu kwaskwarima har sun zama wani abu daban. Ba a kai ƙarar waɗannan wurin masu U-Boot na asali, kuma ba a iya bin sawu tsakaninsu da v2024.04 domin tarihinsu ya rabu. Kwatancen da ke da amfani shi ne tsakanin fitowa biyu na asali.

Kuma kafin rahoto, a gina master na yau, wato babban reshen lambobinsu, a gwada. Suna fitar da sabo sau huɗu a shekara, Janairu, Afrilu, Yuli, Oktoba, shi ya sa sunayen suke shekara da wata. In an riga an gyara abin a master, rahotonka ɓata lokacin kowa ne. A kuma bincika lore.kernel.org/u-boot da sunan allon ko da layin da ya tsaya a kai.

Aminu Tumfure:
Malam, ban taɓa gwada wata fitowar ta asali ba. A ce na gwada v2023.10 ya yi aiki, v2024.04 ya ƙi, me zan yi da wannan?

Malam Yerima:
Sai git bisect. Ka ce git bisect start, sannan git bisect bad v2024.04, sannan git bisect good v2023.10. Git zai ajiye ka a tsakiyar tarihin, ka gina, ka gwada, ka ce masa good ko bad, ya sake raba abin da ya rage biyu. Ko kwamit, wato canjin da aka adana a git, 2,000 ne tsakani, zagaye 11 ya ishe ka, domin kowane zagaye yana zubar da rabi. In ka faɗa kan wanda ya ƙi ginuwa, git bisect skip. A ƙarshe ka adana abin da git bisect log ya fitar.

Inda matsala irin taka take da haɗari shi ne ba kullum take fitowa ba. In tana zuwa sau uku cikin goma, ka kunna sau biyu ya tashi ka ce good, ka iya yin ƙarya ba ka sani ba, kuma good ɗaya na ƙarya ya isa ya kai ka kan kwamit ɗin da ba ruwansa. Bad kuwa sau ɗaya ya isa. Don haka 20 kafin ka ce good. In ya nuna maka mai laifi, tabbatar: koma master, yi git revert ɗinsa, ka ga ko matsalar ta tafi.

A kowane zagaye ka yi make mrproper, ka sake make orangepi_pc_defconfig, kada ka ja tsohon .config ka tsallaka da shi, domin Kconfig yana canzawa tsakanin kwamit da kwamit.

Usman Bolari:
Batun data kuma. Da yawa muna yin git clone --depth 1 don tsimi, to wannan ba shi da tarihi, bisect ba zai yi ba. Ko dai git fetch --unshallow, ko mutum ɗaya ya sauke cikakke ya yi git bundle create uboot.bundle --all ya zuba a filashi, sauran su yi clone daga fayil ɗin, daga baya su mayar da origin zuwa source.denx.de su jawo ɗan abin da ya ƙaru. Ɗaruruwan megabait ne, ba sai kowa ya biya ba.

Da FEL ma bisect ya fi sauƙi, ba zare kati da mayarwa sau ɗari.

Aminu Tumfure:
Ga sakamako. Tsohuwar caja da memori: ya tashi 13 cikin 20. Tsohuwar caja ta FEL: 15 cikin 20. Wata caja mai 3A da gajeriyar waya mai kauri, memori ɗaya, U-Boot ɗaya: 20 cikin 20, na ƙara 20 duk ya tashi. Mita ta nuna 4.6V a tsohuwar lokacin tashi.

Injiniya Bappah:
To ka ga, babu rahoton da za a kai. Mayar da DRAM_CLK yadda yake in ka taɓa shi. Amma tunda ka tambaya, ga abin da rahoto na gaske ke ɗauke da shi, don ranar da za ka buƙata. Kan saƙo gajere mai faɗin allo da abin da ya faru. A ciki: sunan allo da guntunsa, defconfig, abin da git describe ya fitar, sigar gcc da ka gina da ita, yadda ka rubuta shi a kati, abin da ka zata zai faru, abin da ya faru, sau nawa cikin nawa, da cikakken rubutun siriyal tun daga layin farko, a manne cikin saƙon a matsayin rubutu. Ba hoton allon kwamfuta da aka ɗauka da waya ba, ba a iya bincike a cikin hoto, ba a iya yanko layi a amsa a ƙarƙashinsa. In sigar tana ƙarewa da -dirty, wato akwai canjin da ka yi ba ka faɗa ba, za a gani, gara ka share shi ka sake gwadawa. In allon yana kaiwa wurin rubuta umarni, haɗa da abin da version da bdinfo da printenv da dm tree suka fitar.

Wani tarko kuma: a allunan sunxi, wato masu guntun Allwinner, saveenv yana ajiye uboot.env a ɓangaren FAT na katin. Ka sa sabon U-Boot, ya karanto tsohon bootcmd, ya ƙi tayar da Linux, ka ɗauka sabon ne ya lalace. Goge fayil ɗin ko ka yi env default -a kafin ka zargi kowa.

Fatima Kumo:
A yi haƙuri in na kauce. Butlodar kwamfuta fa? Na sa Linux kusa da Windows a laftof, GRUB ba ya nuna Windows a jerin. Wannan ma can ake kaiwa?

Malam Yerima:
Wannan ba U-Boot ba ne, kuma galibi ba kuskure ba ne. Tun GRUB 2.06 na 2021 aka kashe os-prober, mai gano sauran tsarin aiki irin su Windows, da gangan sai in ke kika kunna. Buɗe /etc/default/grub, sa GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, tabbatar os-prober yana kan na'urar, sai update-grub. In har yanzu babu, duba ko an sa ɗaya a yanayin UEFI ɗaya a tsohon yanayin BIOS, domin haka ma ba za su ga juna ba. Ranar da kika sami kuskuren gaske, fara kai wa masu Linux ɗin da kike amfani da shi, Launchpad in Ubuntu ce, reportbug in Debian ce, domin GRUB ɗinsu yana ɗauke da tarin facin kansu. Su ne za su san ko a wuce da shi grub-devel.

Zainab Jekadafari:
Tunda an taɓo faci, ina da ɗaya a hannu. A probe, wato aikin da ke tayar da na'ura, na wani direban Ethernet an kira calloc don ware wuri a RAM ba a duba ko ya dawo da NULL ba, layi na gaba kuma ana rubutu a ciki. Na ƙara dubawa da return -ENOMEM. Layi biyu ne. Saƙon kwamit ɗin na rubuta "fixed bug in driver". In manna diff ɗin a Gmail in tura?

Adda Hauwa:
Kul, ƙanwata. Gmail na burauza yana mayar da tab sarari, yana karya dogon layi, yana nannaɗe saƙo da HTML. Mai kula zai yi git am, abin ya ƙi shiga, ya wuce na gaba. git send-email kawai. Saitinsa sau ɗaya ne: sendemail.smtpserver ya zama smtp.gmail.com, smtpserverport 587, smtpencryption tls, smtpuser adireshinki. Kalmar sirrinki ta kullum ba za ta shiga ba, sai kin kunna tabbatarwa mai mataki biyu kin ƙirƙiri kalmar sirri ta manhaja a asusun Google. A Debian da Ubuntu sai kin sa git-email daban.

Saƙon kwamit kuma a sake shi. Yi git log --oneline a kan wannan fayil ɗin ki ga yadda na baya suka rubuta kan nasu, ki bi sahu. Zai zama kamar

net: sunan-direban: check calloc() return value

da sigar umarni, check ba checked ba, babu ɗigo a ƙarshe. Sai layi fanko, sai bayani da ba ya wuce haruffa 72 a layi: me ke faruwa yanzu, me ya sa matsala ce, me facin ya yi. Diff ya riga ya nuna abin da kika canza, abin da ba ya nunawa shi ne dalili. Turancin ba sai ya yi ado ba, jimla uku gajeru sun wadatar. In ba ki gwada a kan na'urar gaske ba, ki faɗa a fili cewa ginawa kawai kika yi.

Yi git blame ki gano kwamit ɗin da ya kawo layin, ki sa masa Fixes: da haruffa 12 na farkon lambarsa da kansa cikin baka. Sannan git commit -s, shi zai sa Signed-off-by da sunanki. Wannan layin shaida ce cewa kina da haƙƙin bayar da aikin a ƙarƙashin lasisin GPL ɗinsu, don haka sunanki na gaske, ba laƙabin zaure ba.

Usman Bolari:
Kafin ta tura, ni ina da ja a kan facin kansa. In abin da ake calloc ɗin bayanan direban ne na kansa, a tsarin driver model ba a ma buƙatar kiran. Ana sa .priv_auto = sizeof(struct ...) a U_BOOT_DRIVER, tsarin ya ware wurin kafin probe, ya sake shi da kansa, direba ya ɗauka da dev_get_priv. Mai bita zai iya cewa a yi haka maimakon a toshe rami.

Injiniya Bappah:
Zai iya, amma kada ta haɗa su. Dubawar NULL gyara ce mai layi biyu da kowa zai karanta cikin minti ɗaya. Mayar da shi priv_auto sauyin tsari ne da ke taɓa remove da duk inda ake amfani da wannan alamar, kuma ba ta da na'urar da za ta gwada. Faci ɗaya, magana ɗaya.

Usman Bolari:
Hamma, in an karɓi na layi biyun, ba wanda zai dawo ya yi na gasken. Haka tarkace ke taruwa.

Injiniya Bappah:
To ta ambace shi a ƙasan layin --- ta ce ta lura ana iya mayarwa priv_auto, in ana so za ta turo daban. Abin da ke ƙasan wannan layin ba ya shiga tarihin git, na masu bita ne kawai. Sai mai kula ya zaɓa.

Zainab Jekadafari:
Buffer ne na karɓar fakiti, ba priv ba.

Usman Bolari:
To na janye. Amma duba hanyar fita: in akwai wani abin da aka ware ko aka kunna kafin wannan layin, kamar clock, return kai tsaye zai bar shi a buɗe. Ki bi goto ɗin da ke wurin in akwai.

Adda Hauwa:
Sauran matakan, Zainab. Ki tabbata reshenki yana kan master na yau. git format-patch -1 zai ba ki fayil. Ki wuce da shi scripts/checkpatch.pl, ERROR dole a gyara, WARNING a karanta a yi hukunci. Salon rubutunsu na kernel ɗin Linux ne, tab mai faɗin 8. Sai scripts/get_maintainer.pl a kan fayil ɗin, shi zai karanta MAINTAINERS da tarihin git ya ba ki waɗanda za ki sa a Cc. Kada ki tura wa Tom Rini shi kaɗai don shi ne babban mai kula, kowane sashe da mai riƙe da shi, ta hannunsa abin ke bi ya isa master.

Gina aƙalla allo ɗaya da ke amfani da direban. grep sunan CONFIG ɗin a cikin configs/ zai nuna miki su. In suna da yawa, tools/buildman/buildman zai gina su a jere, kuma --fetch-arch arm yana sauko miki da kayan ginin. Wanda ya taɓa lambobin da kowa ke amfani da su, kamar cmd/ ko lib/, shi kuma sai ya gina sandbox_defconfig ya gudanar da test/py, ba ya buƙatar allo ko ɗaya.

Tura wa kanki tukuna. Sauke saƙon, yi git am a sabon reshe. In ya shiga, sai ki tura na gaske. Ki yi rajista a zauren imel ɗin kafin nan don kada saƙonki ya tsaya jiran mai tacewa.

Sadiq Herwagana:
Wallahi wannan wahala ce. Duniya ta koma danna maɓalli a GitHub, su suna nan da imel kamar 2002.

Malam Yerima:
2002 ɗin ma ka faɗa daidai, a shekarar ne PPCBoot na Wolfgang Denk ya koma U-Boot, kuma tsarin aikinsu na kernel suka ɗauko. Akwai wahala a saitin farko, ban musa ba. Amma ga mai intanet irin namu yana da daɗinsa: faci 'yan kilobait ne, kana rubuta amsa ba layi, in sabis ya dawo ta tafi. Kuma akwai wani kayan aiki mai suna patman, yana yin format-patch da checkpatch da get_maintainer da aikawa a umarni ɗaya. Kana rubuta Series-to da Series-version da Series-changes a cikin saƙon kwamit, shi ya cire su ya jera komai. patman send -n yana nuna abin da zai yi ba tare da ya aika ba. Wani kayan aikin mai suna b4 ma yana yi.

Abu ɗaya da ke tuntuɓe da sababbi: device tree, wato fayilolin da ke bayyana na'urorin da ke kan allo. Tun v2024.07 akwai dts/upstream, wanda ake kwafowa daga na Linux. Ba a tura facin da ya taɓa wannan wurin. In kuskuren a bayanin na'urar yake, Linux ake fara kaiwa, ya gangaro. Abin da ya shafi U-Boot shi kaɗai ne ke shiga fayil mai ƙarewa da -u-boot.dtsi. Haka defconfig, ba a gyara shi da hannu, ana make menuconfig, sai make savedefconfig, a kwafe sakamakon.

Zainab Jekadafari:
Ya tafi, na gan shi a Patchwork, shafin da ke bin sawun faci (patchwork.ozlabs.org), an rubuta New. Kwana huɗu shiru. In sake turawa?

Injiniya Bappah:
A'a. Kwana huɗu ba shiru ba ne a wurinsu. Ki ba shi mako biyu, sannan ki amsa a ƙarƙashin saƙon naki da layi ɗaya na tunatarwa. Lokaci ma yana da tasiri: bayan kowace fitowa akwai kusan mako uku da ake karɓar sababbin abubuwa, daga rc1 kuma, wato fitowar gwaji ta farko, gyare-gyare ne ke shiga master, sabon aiki ya jira a reshen next. Naki gyara ne amma ba na gaggawa ba, mai kula zai iya ajiye shi ko'ina cikin biyun.

In an yi bita aka nemi canji, Patchwork zai koma Changes Requested. Ki amsa wa kowa da ke Cc, rubutu zalla, amsarki a ƙarƙashin layin da kike amsawa, ba a saman saƙo ba. Sai git commit --amend, git format-patch -v2 -1, a ƙasan --- ki rubuta abin da ya canza daga v1. Sabon saƙo ne mai zaman kansa, cikakken faci, ba ƙari a kan na farko ba. In wani ya ba ki Reviewed-by ko Tested-by, ke za ki kwafe shi cikin saƙon kwamit na v2, sai dai in canjin da kika yi ya yi girman da bitarsa ba ta hau kansa ba, a nan ki cire ki faɗi dalili. Kada ki taɓa sa sunan wanda bai rubuto miki layin da hannunsa ba.

Aminu Tumfure:
Hamma, ni da nake da allo a hannu da siriyal yanzu, akwai abin da zan iya yi ban da rubuta faci?

Injiniya Bappah:
Akwai. In rc ta fito, gina ta a Orange Pi ɗinka ka gwada kati da USB da Ethernet. In ka ga facin da ya taɓa sunxi ko H3 a Patchwork, sauke mbox ɗinsa, git am, gina, kunna sau 20 da cajar nan mai 3A, ka amsa da Tested-by da sunanka, ka rubuta sunan allon da abin da ka gwada a kai.